Mijin kaka: sake duban babi na 3 na *L'Enfant noir* ta fuskar Hausa

0. Gabatarwa

Littafin Camara Laye (1928-1980) mai suna *L'Enfant noir*, wanda gidan ɗab'i na Plon ya fitar a Paris a shekarar 1953, yana daga cikin littattafan da kusan duk wanda ya bi ta kwaleji a ƙasashenmu ya taɓa karo da su. In ma bai karance shi duka ba, to an yi masa dikte da wani yanki nasa. Masu sharhi sun yi dogon bayani a kan ɗan baƙin macijin da ke ziyartar maƙerar uban yaron, da ƙirar zinariya, da kaciya, da rabuwar yaron da uwarsa sa'ad da zai tafi Faransa. Kakarsa kuwa, wadda ta cika babi na 3, akan sallame ta da layi biyu: tsohuwa ce mai kirki, alamar ƙauye da al'adun gargajiya. Abin da muke gani ke nan kowace shekara a cikin kundayen ɗalibanmu.

Wannan ƴar takarda tana da manufa biyu. Ta farko ita ce nuna cewa sunan da kakar ke kiran jikanta da shi, wanda mai karatu Bafaranshe ke ɗauka a matsayin kalmar shagwaɓa, suna ne na wata dangantaka mai ƙa'idoji wadda duk mai jin Hausa ya sani tun yana goye. Ta biyu ita ce nuna cewa Laye gefe guda kawai ya ba mu na matsayin kaka a cikin gida, kuma akwai dalilin da ya sa ɗaya gefen bai fito ba. Batun ya shafi aikinmu kai tsaye. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa cikin Hausa a Damagaram, kuma a 2025 aka ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. Duk ranar da aka ce a juya irin waɗannan littattafai zuwa Hausa domin makarantu, a kanmu aikin zai faɗo.

1. Abin da babin ya ƙunsa

Yaron yana zaune tare da iyayensa a Kurusa, cikin ƙasar Gine. Lokaci-lokaci yakan je Tindikan, ƙauyen da aka haifi uwarsa, tafiyar ƴan sa'o'i a ƙasa. Ƙaramin kawunsa ne ke zuwa ɗaukarsa, shi ne kuma ke ɗauke masa gajiyar hanya da labarun dabbobi. Kakar takan tarbe su tun kafin su shiga gari. Laye ya siffanta ta da cewa doguwa ce, a miƙe take, da sauran ƙarfinta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a gidan da ɗanta Lansana ya gada. Da ta rungumi yaron sai ta kira shi ɗan ƙaramin mijinta, ta dube shi sama da ƙasa, ta lallatsa jikinsa don ta ga ko ya rame. Maƙwabta ma da wannan suna suke yi mata barka da zuwansa. Daga nan sai wanka da sabulun salo, sai abinci kwano bayan kwano, domin a ganin mutanen ƙauyen yaron birni kullum ramamme ne.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, labarun da ke cikin babin daga bakin kawu suke fitowa. Aikin kakar a hannuwanta yake: taɓawa, wanki, ciyarwa. Duk da haka ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa ita ce taskar tatsuniyoyi, domin hoton da suka zo da shi ke nan tun kafin su buɗe littafin. Na biyu, sunan nan na "miji" ya fita daga bakin kakar ya shiga gaisuwar gari. Kalmar da mutum ɗaya ya ƙago don lallashin yaro ba ta zama abin gaisuwa a bakin maƙwabta. In har kowa yana amfani da ita ba tare da bayani ba, to ta jama'a ce.

Na tuna ranar da muka karanta wannan shafi a kwaleji. Mushenmu ya ce *terme affectueux* ne, muka rubuta haka a kaye. Amma ajin ya yi ta murmushi ƙasa-ƙasa, domin kusan kowane yaro a cikinmu yana da tsohuwar da ke binsa kuɗin cefane a gida, kowace yarinya kuma tana da kishiya mai furfura. Mun san abin sarai, sai dai ba mu zaci yana da wuri a darasin Faransanci ba.

2. *Grand-mère* da *kaka*

Bari mu fara da kalmomin kansu.

(1) a. père / grand-père. Mère / grand-mère. Fils / petit-fils
b. uba, uwa / kaka. Ɗa, ƴa / jika

A (1a) Faransanci ya gina sunan kaka a kan sunan uwa da na uba, ya gina na jika a kan na ɗa. Wato kaka "babbar uwa" ce, jika kuma "ƙaramin ɗa" ne. A (1b) babu wannan gini: *kaka* da *jika* kowace saiwarta dabam, ba su haɗa komi da *uwa* ko *ɗa* ba. Ban da haka, kalmar *kaka* tana da siffofi uku da *grand-mère* ba ta da su duka. Ba ta nuna jinsi da kanta, sai ta hanyar ɗafa-ƙeyar mallaka da wakilin suna:

(2) a. Kakana ya zo.
b. Kakata ta zo.

Ba ta kuma nuna ɓangare, sai an ƙara "ta wajen uwa" ko "ta wajen uba" (a nan ta yi daidai da Faransanci). Sa'an nan ba ta tsaya ga mace guda ko biyu ba: yayyen kaka da ƙannenta da kishiyoyinta duka kakanni ne, kuma da kowace ana yin abin da ake yi da kaka.

Ba muna cewa ginin kalma shi ke tsara tunanin mutane ba. Wannan tsohuwar gardama ce da ba za mu tayar a nan ba. Abin da muke cewa ya fi haka sauƙi: ɗalibin da ya koyi karatun adabi ta cikin *grand-mère* yana da saurin ɗaukar kaka a matsayin uwa ta biyu, mai sanyin hali, wadda ta gaji da faɗa. A gidan Bahaushe kuwa uwa da kaka ba a layi guda suke ba. Tsakanin uwa da ɗa akwai girmamawa da kunya. Tsakanin kaka da jika akwai wasa. Abin da aka hana ɗaya, shi aka ɗora wa ɗaya.

3. Miji da kishiya

Masana halayyar al'umma sun daɗe da sanin wannan dangantaka. Marcel Mauss ya yi rubutu a kanta a 1928 da sunan *parentés à plaisanteries*, Radcliffe-Brown kuma a 1940 ya kawo wasan kaka da jika a cikin misalansa, har da inda jika ke cewa zai aure matar kakansa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan dangi na Nijar a cikin jerin kayan gadon al'adun duniya. Sai dai in ana maganar wannan gado a rediyo ko a taro, wasan ƙabilu aka fi kawowa, kamar na Fulani da Barebari ko na Fulani da Arawa, sai kuma na taubasai. Na kaka da jika, wanda shi ne na farko da yaro ke koya, ba a cika ambatonsa ba. Ga irin abin da kowa ke ji a gidajenmu:

(3) Kaka: Maigida, ina cefanen? Yau ma da yunwa za ka bar ni?
Jika: Ai na sake ki, tsohuwa, na samo yarinya.

(4) Kaka: Kishiya, har kin iso? To mijina dai ya fi ƙarfinki.
Jika: Ke da ba haƙora, me zai yi da ke?

A (3) da (4) an ɗauke jika daga tsararsa an ajiye shi a tsarar kaka. Namiji ya zama miji, wato ya hau gurbin kakansa namiji. Mace ta zama kishiya, wato ta yi kafaɗa da kafaɗa da kakarta. Tsarar da ke tsakiya, ta iyaye, an tsallake ta. Mu lura kuma da kalmomin da ake wasan da su: *cefane*, *saki*, *kishiya*. Su ne kalmomi mafi nauyi a zaman aure, waɗanda in sun fito daga bakin miji da mata na gaskiya gida ya ɗauki zafi ke nan. A bakin kaka da jika ba sa ƙona kowa, kuma ta nan ne yaro ke fara jin su, ya san ma'anarsu, tun kafin ya san zafinsu. Ta wannan ƙofa ce kuma kaka ke faɗa wa jika gaskiyar da uwa ba za ta iya furtawa ba, musamman abin da ya shafi balaga da neman aure, ta naɗe ta cikin ba'a.

Tsarin sunaye ma yana bin wannan hanya. In aka raɗa wa yaro sunan kakansa, iyaye ba za su iya kiran sunan ba, sai su sakaya: Abba, Baba, Inna, Iya, Ummi. Sai ka ji uwa tana kiran ƴar da ta haifa "Inna", kaka kuwa tana kiranta "takwara" ko ta ambaci sunan gatsau. A harshe, jika ya koma mahaifin iyayensa.

Idan muka koma Tindikan da wannan a kunne, babin zai canja kama. Lallatsa jikin yaro da kukan cewa ya rame ba tausayi ne kaɗai ba: mace ce ke duba "mijinta" da ya dawo daga hannun wata, kuma zargin ramar, ko da cikin raha aka yi shi, gidan ƴarta da surukinta yake nufa. Laye bai bayyana wannan ba. Ya bar sunan haka nan ba sharhi, alhali a wasu babobin, kamar na kaciya, yakan tsaya ya yi wa baƙon mai karatu bayani. Sakamakon shi ne mai karatu na Paris ya ga so, mai karatu na Maraɗi ya ga so da doka tare, amma makaranta ta koya wa na Maraɗi ya karanta kamar na Paris.

4. Iyakar kwatancen: kunyar ɗan fari

A nan sai mu yi hattara, domin Malinke ba Hausawa ba ne, kuma kamancin da ke akwai a wasa bai kai ko'ina ba. A wajen Hausawa nauyin kaka yana ƙaruwa saboda kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma ko kallonsa ba ta cika yi ba in da idon jama'a. Wannan giɓi kaka ce ke cike shi. Mace takan koma gidan iyayenta don haihuwar fari. Uwarta ce ke tsaye kan wankan jego na kwana 40 da kunun kanwa. In lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu, gidan kaka ake kai yaro don ya manta da nono, kuma sau da yawa daga yaye sai riƙo. In aure ya mutu, ɗakin kaka ne mafakar yara.

Laye shi ne babban ɗa namiji a gidansu, littafin ya faɗi haka, amma uwarsa ba ta nuna masa irin wannan kunya. Tana yi masa magana kai tsaye, tana tsawata masa, tana leƙa ɗakinsa don korar ƴan matan da ba ta yarda da su ba, tana kuka a fili ranar da za a raba ta da shi. Wannan tarko ne ga mai fassara. In ya juya littafin zuwa Hausa ba tare da ƴar faɗakarwa ba, mai karatu zai gane kakar nan take, amma yana iya ɗaukar uwar a matsayin marar kunya, abin da marubucin bai nufa ba ko kusa, tun da littafin ma ita ya sadaukar wa.

5. Gefen da ba a nuna ba

A 1955 Mongo Beti ya buga maƙalarsa "Afrique noire, littérature rose" a mujallar *Présence Africaine*, inda ya soki irin adabin da ke nuna Afirka cikin ni'ima ya yi shiru a kan mulkin mallaka, kuma Laye yana cikin waɗanda sukar ta shafa. Mu a nan wani shirun muke nufi, na cikin gida. Wanda ke ba mu labarin kakar yana da halaye uku da suka sa dole ya gan ta da daɗi: namiji ne, ɗan ƴarta ne, kuma baƙo ne da ke zuwa ya kwana kaɗan ya koma. Amma mace guda tana da suna fiye da ɗaya, gwargwadon bakin da ke kiranta:

(5) a. *kaka*, a bakin jika
b. *inna* ko *uwa*, a bakin ɗa da ƴa
c. *suruka* ko *uwar miji*, a bakin matar ɗa

Tsohuwar Tindikan a gidan ɗanta take zaune, saboda haka ga matan da aka auro cikin gidan (5c) ce. Littafin bai ba mu ita ta idonsu ba. Bai kuma ba mu ita ta idon jika mace da ke zaune dindindin a ɗakinta ba. A ƙasarmu mun san abin da riƙo kan zama ga yarinya: gata da rufin asiri a wani gida, a wani gidan kuma ɗibar ruwa da daka da talla, har makaranta ta kuɓuce mata. Kakar da ke kare jikarta daga bulalar uba, ita ce kuma wani lokaci ke matsawa a aurar da ita tun tana ƙarama, don ta ga ɗakinta kafin ta mutu.

Akwai littafin da ya dace a karanta tare da na Laye don cike wannan giɓi, wato labarin Baba ta Karo. Mary Smith ce ta rubuta shi daga bakin Baba, cikin Hausa, a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Ya fito da Ingilishi a 1954, sa'an nan Plon ɗin nan dai ya fitar da shi da Faransanci a 1969 da sunan *Baba de Karo*. An haifi Baba wajen 1877, ta rasu a 1951. Ta yi aure sau huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe ƴaƴan da dangi suka ba ta. A nan tsohuwar ce da kanta ke magana, kuma abin da ya cika bakinta shi ne wa aka ba wa, wa ya riƙi wane, wa ya ƙulla auren wance, wa ya je biko. Tsofaffin mata a cikin labarinta masu shawara ne da yanke hukunci a kan aure da haihuwa da rabon yara. Rayuwarta kuma tana tabbatar da abin da muka gani a sashe na 2: mace tana iya kai wa matsayin kaka ta hanyar riƙo da zumunta, ko da ba ta haifa ba. Abin takaici shi ne mu a Nijar mun fi sanin wannan magana ta Hausa bayan ta bi ta Ingilishi ta faɗa Faransanci.

Binciken da aka yi a wasu fannoni ma yana nuna cewa bambancin nan na (5) ba na kalmomi ba ne kurum. A 2000 Rebecca Sear da Ruth Mace da Ian McGregor sun bi bayanan wasu ƙauyukan Gambiya, suka ga yaran da kakarsu ta wajen uwa ke raye sun fi samun ƙoshi da tsira daga mutuwar ƙuruciya, ba su kuma ga irin wannan tasiri ga kaka ta wajen uba ba. Kakar Laye, mai auna ramar jikanta da hannu, ta wajen uwa ce. A ɗaya gefen, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta da gishirin da ke cikin kanwa, waɗanda duka a hannun tsofaffin mata suke. Haka nan shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2001, ta shayar da nono zalla har wata 6, ba ta shiga gida sai in kaka ta yarda a daina ba jariri ruwa. Mai jego ƴar shekara 17 tana iya jin bayani a likita ta gyaɗa kai, amma ba ita ke yanke magana a ɗaki ba. Wanda ya ɗauki kaka a matsayin tsohuwa mai tatsuniya ba zai gane dalilin haka ba.

6. Kammalawa

Ba laifi ba ne ga Laye ya rubuta kakarsa yadda ya gan ta. Labarin yaro ne, kuma a cikin iyakarsa ya faɗi gaskiya, har ya ajiye mana sunan da ke buɗe sauran. Gyaran a wajenmu yake, mu masu koyarwa, kuma muna ba da shawara uku.

Ta farko ta shafi fassara. Juya sunan kalma da kalma zuwa "ƙaramin mijina" bai dace ba. A Faransanci siffar ƙanƙanta ita ke sanar da mai karatu cewa ba miji na gaskiya ba ne. A Hausa dangantakar ta riga ta yi wannan aiki, kuma ƙarin "ƙarami" yana iya kai hankali ga ƙanen miji, wanda shi ma abokin wasa ne. "Maigida" ko "angona" sun fi kusa da abin da tsohuwa za ta ce in ta hango jikanta a bakin gari.

Ta biyu ta shafi aji. In an zo babi na 3, a tambayi ɗalibai yadda kakanninsu ke kiransu kafin a ba su ma'anar ƙamus, a kuma haɗa musu shi da wani yanki na *Baba de Karo*, don su ji jika su ji tsohuwa.

Ta uku ta shafi bincike. Misalan (3) da (4) daga abin da kunne ya saba ji muka kawo su. Ana bukatar a ɗauki irinsu a rakoda, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da unguwannin Hausawa na Yamai, a ga inda karin harshe ya bambanta, a ga kuma abin da ya rage na wasan a gidajen da jika ke girma nesa da kaka, sai dai su gaisa ta salula. Wanda zai yi wannan aiki kada ya tsaya ga jikoki maza. Ya zauna da jikoki mata da aka riƙa, ya zauna da matan ƴaƴa, ya kuma tambayi kowace da wane suna take kiran tsohuwar in tana nan, da wane suna kuma in ba ta nan.